Yaren da Aljani Bai Iya Ba

Ranar Asabar ta farko bayan Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji biyar na firamare, Kawu Sale ya shigo gidanmu na Agege da kaset ɗin bidiyo a naɗe cikin takardar tsire. Azahar ta ɗan gota, an yi ruwa an ɗauke, ƙanshin soyayyen nama da warin kwata sun gauraya a tsakar gida. Ya tsaya a bakin rijiya ya ɗaga kaset ɗin sama, ya ce yau duk mai ƙaramar zuciya ya koma ɗakin uwarsa. Wannan maganar ce ta cika masa ɗaki. Kawu ƙanin Baba ne, mahauci a abbatuwa, bai yi aure ba tukuna, kuma shi kaɗai ke da bidiyo a duk gidan. Ya rataya bargo a taga don kada haske ya ɓata hoton. Yara muka zube a kan leda, mata suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kowacce da hujjarta, wata ta zo kiran ɗanta, wata ta zo aron ashana. Kaka, uwar Baba, wadda ta zo mana Sallah daga ƙauyenmu na wajen Haɗeja, ta sa aka ajiye mata kujera a bakin ƙofa. Ta ce ita ba kallo za ta yi ba, iska take sha.

Gidanmu irin gidajen hayar nan ne na Legas, ɗakuna jere biyu suna kallon juna, dogon lungu a tsakiya, banɗaki da madafa can ƙarshe. Hausawa muka fi yawa, masu harkar shanu da fata, amma ɗakin da ke kallon namu na Iya Sikira ne, Bayarabiya mai injin markaɗe, wadda ta iya Hausa daidai ciniki da faɗa. A lungun nan muka tashi ni da ƙanwata Asabe. Tare muke jan guga da safe, tare muke kai markaɗen attaruhu, tare muke tsallaka layin dogo mu sayo burodi da ɗuminsa, mu ƙwaƙule cikinsa a hanya mu ce haka aka ba mu. Idan mun taso Islamiyya muna buga carafke da duwatsun layin dogo har a kira magariba. Tabarma ɗaya muke kwana, zane ɗaya muke rufa. Ni ce mai mafarki, ita ce mai wayo. Na riga na fara satar karanta littattafan soyayya da Umma ke ɓoyewa a ƙasan katifa, ina ba Asabe labarinsu a bakin rijiya, ita kuwa ta saurara har ƙarshe sannan ta tambaye ni wa ke yi wa mutanen nan wanke-wanke.

Muna da yarenmu. Yarbanci a bakinmu yake kamar Hausa, amma a gidan da kowa ke jin kowa, harshe biyu ba su isa ɓoye magana ba. Sai Asabe ta ƙirƙiro mana zaurance na Yarbanci. A ɗauki kalma a juya ta, ƙarshenta ya koma farko, sannan a cusa sautin za ko ze ko zi ko zo bayan kowace gaɓa. Eja, wato kifi, ya zama jaza'eze. Bahaushe ba zai gane ba don tushensa Yarbanci ne, Bayarabe ba zai gane ba don mun birkita shi. Ba ma yin sa a gaban manya. A hanyar makaranta muke yi, ko a ƙarƙashin zane, da raɗa. Kaka ko Yarbancin da muke yi a fili ba ta so. Takan ce Legas ta lalata mana baki, ta kuma sha gaya wa Baba ya ba ta ɗaya daga cikinmu ta riƙe kafin mu tashi ba mu san kanmu ba. Baba yakan yi dariya ya sauya magana. Mu ba ma dariya, domin akwai ɗiyar gwaggonmu da aka tafi da ita ƙauye hutu, ba ta sake ganin Legas ba.

Ni na shiga ɗakin Kawu da tsammanin soyayya. Da na ga gidan Turawa mai bene, da labule fari, da wata mata mai dogon gashi tana duba taga, na gyara zama ina jiran saurayi. Saurayi bai zo ba. Abin da na fi tunawa shi ne an daɗe babu abin da ya faru. Matar tana yanka burodi, agogon bango yana bugawa, ɗiyarta, yarinya kamar Asabe, tana zane a ƙasa. Sai agogon ya tsaya, ba wanda ya lura sai mu. Ƙofar da aka rufe a baya sai a gan ta a buɗe kaɗan. Akwai wani dogon lungu a gidan, hoton yakan bi shi a hankali, kamar mutum mai tafiya ba takalmi, ya isa ƙofar yarinyar ya tsaya. Babu jini, babu dodo. Wani sauti ne kawai ƙasa-ƙasa, kamar injin Iya Sikira in ana jin sa daga nesa. Kaset ɗin ya tsufa, layuka suna ratsa hoton, fuskokin mutane sun yi kore, wannan ma ya ƙara abin. Kawu ne mai fassara, da Turancinsa na abbatuwa, yana ƙara gishiri yadda ya so. Amma da aka yi nisa shi ma ya rage magana. Yarinyar ta kwanta ciwo. Likita ya zo ya tafi. Uwar ta bi lungun da kofi a hannu, ta tura ƙofa, yarinyar ta juyo ta yi magana da wata murya mai kauri wadda ba tata ba. Muka juya ga Kawu. Ya ce, “Wannan ba Turanci ba ne. Yaren aljanu ne.” A bayana na ji carbin Kaka ya ƙara sauri.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Hoton ya tsuke ya zama ɗigo fari ya ɓace, muka zauna cikin duhun bargo ba wanda ya motsa, sai da wani jariri ya tsala kuka sannan aka yi rige-rigen fita. A waje rana tana nan, kaji suna tono, mai sayar da kifi tana kira a titi. Da yamma labari ya zo cewa taransifomar unguwa ce ta ƙone. Kaset ɗin kuma ya maƙale a cikin na'urar, ba ya fitowa sai da wuta. Kawu ya gwada da tsinken tsire, bai fito ba. Haka muka rabu da yarinyar nan a kan gadonta, ba mu san ko ta warke ba, kuma kowa a gidan ya san tana nan a ɗakin Kawu, cikin baƙin akwati, tare da abin da ke jikinta.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin irinsu ba. Ba wanda ya ce yana jin tsoro. Amma lungunmu, da na sani tun ina rarrafe, ya ƙara tsawo. Da rana tsaka ma idan za ni banɗaki sai na ja Asabe ta tsaya a ƙofa tana yi mini waƙa. Yara suka daina wasa a gaban ɗakin Kawu, suna wucewa ta jikin ɗaya bangon. Matar da ta zo aron ashana ta sauke agogonta ta sa a akwati. Kawu da kansa ya lulluɓe bidiyon da darduma, ya ce saboda ƙura, alhali damina ake. Injin markaɗe ya yi shiru saboda rashin wuta, gidan ya rasa hayaniyar da ya saba, har ana jin ɗigar ruwa daga indararo. Ni kuwa, da kan da ya saba ƙawata labari, na ƙarasa fim ɗin sau da yawa a raina, kuma babu ƙarshe mai kyau ko ɗaya a ciki.

A tsakiyar makon Asabe ta dawo daga makaranta tana rawar sanyi. Baba ba ya nan, ya bi masu shanu Arewa kamar yadda yakan yi bayan kowace Sallah. Umma ta ba ta maganin zazzaɓi da ya rage a gida, jikin ya ɗan sauka, ya sake hawa. Washegari aka ce ta fara surutai. Ina jan ruwa na ga Kaka ta fito daga ɗakinmu tana salati, ta ce yarinyar nan ba da Hausa take magana ba. Aka kira Iya Sikira. Ta shiga, ta jima, ta fito tana goge hannu a zane, ta ce ita dai an haife ta cikin Yarbanci, kuma wannan ba Yarbanci ba ne. Aka kira Kawu, ya ce ba Turanci ba ne. Bai ƙara komai ba, ba a kuma buƙaci ya ƙara ba, domin duk wanda ke tsaye a lungun ya taɓa jin wannan jimlar daga bakinsa.

Nan take aka raba ni da ita. Kaka ta ce irin wannan abu yana tsallakawa daga jini zuwa jini, aka kwashe tabarmata aka kai ɗakin Iya Sikira, aka hana ni ko leƙe. Na tambayi abin da take cewa, ba wanda ya yarda ya maimaita, wai kada a kira abin da sunansa. Kaka kaɗai na ji tana gaya wa Umma a madafa cewa su biyu ne, mace da namiji, sunayensu ne yarinyar ke ambata. Aka rufe taga, aka kunna garwashi, aka zuba habbatussauda da wasu saiwoyi da Kaka ke yawo da su a ƙullin zane. Hayaƙi yana fitowa ta ƙasan ƙofa. Aka jiƙa magani mai ɗaci, duk lokacin da aka kai mata baki sai ta ture, Kaka ta ce ai ba ita ke turewa ba. Daga ɗakin Iya abin da nake ji ta tsallaken lungu wata murya ce a shaƙe, mai kauri, tana tashi tana faɗuwa. Ban gane kalma ko ɗaya ba. Zaurancenmu bai ko zo mini a rai ba, domin da raɗa muka saba yin sa, da dariya, kuma ni na riga na ga yarinyar fim ɗin a kan tabarmarmu. Na yarda, kamar kowa.

Sai Kaka ta yanke magana. Ta ce malaman Legas na kasuwa ne, akwai wanda ta sani a gida, kuma tirelolin da suka sauke shanun Sallah suna komawa Arewa fanko. Kawu ya samo musu wuri a gaban wata, za su tashi ranar Lahadi da hantsi. Umma ba ta iya musa wa uwar mijinta ba, ga Baba babu hanyar samun sa. Na gan ta tana ninke kayan Asabe cikin jakar leda mai ratsi, har da kayan Sallarta da takalmin makaranta. Da na ga an sa takalmin makarantar na san ba tafiyar magani kaɗai ba ce. Ko ta warke, Kaka ta sami wadda za ta riƙe.

Ranar Lahadi da safe aka aike ni jan ruwa. Na cika bokiti, na ajiye, na zagaya bayan gida inda tagarmu take kallon kwata. Ba wani shiri na yi ba. So nake kawai in ga fuskarta kafin a tafi da ita, ko da fuskar ta zama irin ta fim. A littattafan Umma ba a rabuwa sai an yi kallon ƙarshe. Na kifa wani tsohon bokiti na hau, na tura katakon tagar da yatsa. Hayaƙi ya bugi idona. Da ya lafa na hango ta a kan tabarma, ta rame, leɓɓanta sun tsage sun yi fari. Kaka na gefe tana tofi, Umma na ɗaure jaka, Iya Sikira na tsaye a ƙofa ta zo sallama. Hasken tagar ya sauka a fuskar Asabe, ta juyo da ido. Muryar da ta fito a shaƙe take, irin ta wanda ya kwana cikin hayaƙi. Ta ce, “Bozo'eze. Mizi'ozo.”

Egbon. Omi. Yaya, ruwa.

Ban san lokacin da na amsa mata ba. Da yarenmu na amsa, da ƙarfi, na ce ina zuwa. Kaka ta ɗago ta ga kai a taga cikin hayaƙi yana irin maganar, ta saki carbi ta ce, “Innalillahi, ya kama babbar ma!” Na diro, na ɗebi ruwa a kofi daga bokitin da na jawo, na bi lungun da gudu. Iya Sikira ta tare ƙofa da jikinta, na bi ta ƙarƙashin hannunta. Asabe ta riƙe kofin da hannu biyu ta shanye, ta miƙo, ta sake cewa mizi'ozo. Umma ta damƙe kafaɗata tana tambayar me na ba ta, me take cewa. Na ce ruwa take so, tun ranar nan ruwa take roƙo. Kaka ta ce ƙarya ne, bakinsu ɗaya da aljanun. Dole na tsaya a tsakiyar ɗaki, ina kuka, na kwance yarenmu a gabansu gaɓa-gaɓa. A cire zi, a cire zo, saura mi da o, a juya su. Iya Sikira tana bi da leɓe. Sai ta ce, “Omi?” Ta sake cewa, “Omi!” Ta zame jikin ƙofa ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye, tana dukan cinya. “Kaka, aljaninka Yoruba ne,” in ji ta da Hausarta, “ruwa yana nema!”

Umma ba ta yi dariya ba. Ta dubi kofin, ta dubi leɓɓan Asabe, ta tashi ta buɗe taga gaba ɗaya, ta fitar da kaskon garwashi. Ban taɓa ganin ta yi abu a gaban Kaka ba tare da neman izini ba sai ranar. Ta goya Asabe, babbar yarinya ƙafafunta suna reto, Iya ta riga ta fita titi tana tsayar da danfo, ƙaramar bas ɗin haya. A ƙaramin asibitin da ke bayan kasuwa aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi ƙarfi, ga rashin ruwa a jiki, aka ɗaura mata ruwa. Tirelar ta tafi da wurin mutum biyu babu kowa.

Da ta fara zama tana shan koko na tambaye ta me ya hana ta faɗa da Hausa, da tuni an ba ta. Ta dube ni kamar ni ce ƙaramar. Ta ce ita da ta buɗe ido ta ga an rufe taga, ga hayaƙi, ga fuskoki sun yi kore suna motsa baki, kuma ba ni a ɗakin, sai ta gane abin da ke cikin akwatin Kawu ya fito ya shiga su Umma. Duk abin da suka miƙo mata ɗaci ne. Ta ce aljani dai ya iya Hausa, ya iya Yarbanci, ya iya Turanci, amma namu bai iya ba, don ba mu taɓa yi a gaban bidiyon ba. Shi ya sa ta yi ta kirana da shi. “Kin daɗe,” in ji ta, ta ci gaba da shan kokonta.

Kaka ta zauna har Baba ya dawo. Ba ta taɓa yarda kuskure aka yi ba, ta ce tofinta ne ya sassauta bakin aljanun har maganarsu ta zama ta mutane. Amma ba ta sake neman riƙon kowa ba, ta ce yaran da ke da yare uku da rabi ba za ta iya da su ba. Yarenmu kuwa ya mutu a matsayin sirri. Kafin mako ya zagayo duk gidan sun iya, Kawu yakan dawo daga abbatuwa ya tsaya a lungu ya ƙwala mizi'ozo, yaro ya kawo masa ruwa. Mun ji haushi, mun yi niyyar ƙirƙiro wani, ba mu yi ba. Da aka gyara taransifoma bidiyon ya tofo kaset ɗin da kansa, mata suka haɗu suka ce ba za a ƙarasa shi a gidan ba. Kawu ya naɗe shi ya mayar, da alama shi ma hakan ya yi masa daɗi.

Yanzu an rushe gidan an yi shaguna, rijiyar tana ƙarƙashin siminti. Asabe ta tafi Arewa daga baya, da ƙafarta, aure ya kai ta, ni na zauna a Agege. Yarana suna kallon finafinan da suka fi wancan muni a waya, kowa shi kaɗai, abin ji toshe a kunne, su gama su nemi abinci. Ban san ko suna jin tsoro ba, domin ba a ganin sa a lungu, ba ya sa maƙwabciya ta sauke agogo. Namu na gida ɗaya ne, tare muka ɗauke shi, tare muka kusa yin asara saboda shi. Babban ɗana ya gano fim ɗin daga kwatancen da na yi masa, ya ce in zauna in ga ƙarshensa. Na kira Asabe na gaya mata. Ta ce kada in kuskura in kalla ba ita, in jira ta zo Sallah, a rataya bargo a taga. Sallah ta zo ta wuce har sau nawa, yarinyar fim ɗin tana nan kwance a ɗakinta tana jiran mu. Amma duk sanda waya ta yi ƙara na ɗauka na ji an ce bozo'eze, da muryar da ta fara tsufa, ba na bari ta faɗa sau biyu.